Fis Mai Yashi

Ran da na cika shekara uku a hannunsa
Usta Tahsin ya ce in rufe akwatin aiki,
mu hau jirgin ruwa mu tsallaka Karakoy.
Bai faɗi abin da za mu saya ba.
Shi dama maganarsa kuɗin gumi ce,
a ƙirge take fita.

Ana yayyafi a kan gadar Galata,
masunta sun jera sanduna kamar haƙoran mataji.
Muka kutsa lungun masu kayan lantarki,
warin roba, warin tsatsa, tururin shayi.

A shagon farko wani yaro mai gemun jiya
ya zube mitoci bakwai a kan kanta,
duk rawaya, kamar 'yan tsaki.
Na cafki mai araha,
mai maɓalli goma sha biyu da fitila a goshi.
Usta bai hana ni ba.
Ya zaro sukudireba daga aljihun kwat,
ya ce zai buɗe cikinta.
Yaron ya ce ba a buɗewa.
Usta ya ce, to, ba a saya.

Shago na biyu na Ferhunde ne,
tsohuwa mai tabarau rataye a igiya.
Da kanta ta kwance bayan mitar,
ta ɗora mini hanjinta a tafin hannu.

"Duba fis," in ji Usta. "Ba gilashi ba ne.
Tangaran ne, kaurin ɗan yatsa, cikinsa yashi.
Ran da ka manta maɓalli a kan awon ampiya
ka soka tsinke a bolt ɗari huɗu,
yashin nan zai haɗiye wutar
kafin ita ta haɗiye fuskarka."

Sai ya zare safar hannun hagu.
Shekara uku ina kallon hannun nan,
fata ta naɗe kamar ganda,
kunya ba ta bar ni na tambaya ba.
"Ɗakin injin wani jirgi ne, a Tuzla,
ina ɗan ashirin da biyu.
Mita ta ce sifili, na gaskata ta.
Ashe wayarta ta tsinke daga ciki,
roba ta rufa mata asiri."

Ya lanƙwasa jar waya, ya lanƙwasa baƙa,
kamar mai taɓa jijiyar maras lafiya.
Ya karanta lambar kariya a jikin mitar,
ya nemi irinta a jikin tsinken,
ya ce in ba su yi daidai ba
ƙaramar ce ke mulki.
Ya haɗa baki da baki, ta yi tsuwwa nan take,
ba sai ta yi shawara ba.
Ya soka a soket na bayan kanta:
ɗari biyu da talatin,
lamba ta tsaya cak ba ta rawa.

Kuɗinta rabin albashina.
Na ƙirga lira, na sake ƙirgawa, ba su haihu ba.
Usta ya ajiye cikon yana kallon titi
kamar hannun wani ne ya ajiye.

A jirgin komawa ya saya mana shayi.
"Kafin ka ce waya ta mutu,
gwada mitar a kan mai rai.
Sannan matacciyar.
Sannan ka koma wa mai rai.
Shaida ma sai an tantance shi."

Yau shekara goma sha tara.
Usta ya kwanta dama, Ferhunde ta bi shi,
shagonta ya koma na sayar da kofi.
Rawayar mitar ta dushe,
kusurwarta ɗaya na ɗaure da salatif.

Sau biyu na sauya mata fis.
Ƙonannun suna cikin gwangwanin shayi a gidana.
Ɗiyata Nurdan takan girgiza su a kunne,
ta ce, "Baba, me ke ciki?"
In ce yashi ne,
je ki wanke hannu, abinci ya sauka.